CSS ɗin nan da kowa ke zagi

Shekaranjiya na raba dare a kan shafin intanet ɗin da nake haɗa wa wani Alhaji mai sai da shadda a Agege, abu ɗaya kawai ya ce min, malam maballin oda ya koma ja. Na canza kalar, ya ƙi, na sake, ya ƙi, ashe wata dokar CSS ce (yaren da ke tsara kala da fasalin shafi) da na rubuta tun watan jiya can sama take danne sabuwar saboda ta fi ta nauyi. Ƙarshe dai na maka masa !important, alamar da ke sa doka ta danne sauran da ƙarfi, na je na kwanta, Allah na tuba.

Da safe na ba wani abokina labari, shi Flutter yake yi a Yaba, wato kayan aikin haɗa manhaja, ya ce ai CSS shirme ne tun asali. Gaskiya yana da hujja, doka ɗaya kan bi shafi gaba ɗaya, ka taɓa nan can ya karye, kuma kafin Grid, tsarin CSS na jera sassan shafi, ya shigo burauza a 2017 da float muke jera shafi, abin da aka yi don rubutu ya zagaye hoto kawai. Shi ya sa ma mutane suka gudu zuwa Sass da Tailwind, kayan aikin da ke sauƙaƙa rubuta shi.

Amma ni ban yarda shirme ba ne. Håkon Wium Lie da ya kawo shawarar CSS a 1994 yana cibiyar binciken kimiyya ta CERN, rubutu yake so ya gyara wa fuska, ba manhajar oda ba, kuma bai san wace na'ura za ta buɗe ba, don haka aka gina shi da haƙuri, in burauza ta ga layin da ba ta gane ba sai ta tsallake ta ci gaba abinta. To su wa ke siyan shaddar Alhaji? Masu Tecno da Itel ne, wani sikirin ɗinsa ma a kasuwar Computer Village aka canza, wani har yau burauzar Opera Mini yake amfani da ita don rage cin data, kuma duka shafin yana buɗe musu ko da ya ɗan karkace. Ka gwada ɗora Flutter a burauza, sai injinsa ya gama sauka tukun ka ga komai, a cikin danfo netwok na rawa wa zai jira?

Abokin nawa dai bai sauka daga ra'ayinsa ba. Shi kuwa Alhaji ya kira ɗazu, wai Hajiya ta ce koren ya fi kyau a mayar.