Kwalbar da Aka Narkar Ba Ta Komawa Firiza

Makon jiya, a ɗakin gwaje-gwajenmu da ke Jos, na ga wata ɗaliba ta ciro kwalbar ƙwayar HIV daga firiza, ta narkar da ita, ta ɗebi kaɗan, ta mayar da ragowar, idonta yana kan waya. Gabana ya faɗi, domin wannan aikin ne ya cinye mini wata 7 ina matashi.

A lokacin na haddace sunayen gp120 da gp41, furotin biyu da ƙwayar HIV ke shiga tantani da su, tsaf, amma ban taɓa tsayawa na fahimci aikinsu ba. Asalinsu furotin ɗaya ne, gp160, wanda ake yankawa gida biyu tun a cikin tantanin da cutar ta kama, sannan su tsaya uku-uku kamar ƙaya a jikin lulluɓin ƙwayar. Da farko gp120 ne ke kama CD4, wani furotin da ke jikin tantanin garkuwa, ya sauya siffa, ya ƙara kama wani furotin na biyu a jikin tantanin, CCR5 ko CXCR4. Daga nan gp41 ya soki fatar tantanin, ya naɗe kansa, ya jawo fatun biyu har su haɗe, kayan cikin ƙwayar su zube ciki. Riƙon da ke tsakanin gp120 da gp41 ba mai ƙarfi ba ne, kuma ƙayoyin ba su cika wuce 14 a kan ƙwaya guda ba, saboda haka kowace narkarwa da sake daskarewa tana rage mata ƙarfin shiga. Ni kuwa ina auna p24, furotin cikin ƙwayar da ke nuna yawanta amma ba ƙarfin shigarta ba, ina ganin ƙwaya jingim, ina ta mamakin abin da ya hana ta kama tantani.

Ina iya cewa ɗauke wuta ne ya cuce ni, kuma gaskiya ne, firizar ta sha mutuwa cikin dare, sannan babu wanda ya zaunar da ni ya yi mini bayani. Amma da hannuna nake mayar da kwalbar, kuma girman kai ne ya hana ni tambaya.

Ɗalibai, ku raba ƙwayar cikin ƙananan kwalabe tun ranar farko, wadda aka narkar kada ta koma. Ku yi karatu kafin ku taɓa komai, ko da yake ni ma na yi karatun, bai hana ni ɓarna ba. Abin da ke ci mini rai shi ne gaggawarku, ku yaran yanzu kuna son sakamako kafin azahar. Da na yi wa ɗalibar magana, cewa ta yi, "Malam, ai sau ɗaya ne kawai." Na karɓi kwalbar, na miƙa mata takarda, na ce ta zana mini yadda gp41 ke naɗewa.