Abin da na tuna a shagon aski

Jiya na raka ƙanina aski a unguwar Aboabo a Kumasi, ina zaune ina kallon yadda gashin tsakiyar kansa ya kwanta ya zagaye, kawai sai lakcar da aka yi mana a jami'ar KNUST ta faɗo min a rai. Ashe ba haka nan gashi ke kwanciya gefe ɗaya ba, akwai wani furotin, Celsr1, a jikin ƙwayoyin halitta, yana manna kowace da maƙwabciyarta kuma yana cikin masu nuna musu ina gaba ina baya. A ƙudan 'ya'yan itace sunansa Flamingo, in ya lalace sai 'yan gashin fiffiken su fuskanci ko'ina. A ɓera abin ya fi muni wlh, 'yan ƙananan gashin da ke can cikin kunne masu taimaka wa ji su karkace, wani lokacin ma bututun da zai zama ƙwaƙwalwa da laka ya ƙi rufewa tun a ciki.

Na fara yi wa mai askin bayani, ya ce "ɗan makaranta, ni dai inda gashi ya kwanta nake bi, in ka saɓa masa ƙuraje ne." Ƙanina ya ce Yaya don Allah bar shi ya gama, yunwa nake ji 😂