Makonnin Satumba a Tafkin Minetonka

Shekara tara ke nan ina koyar da hawan raƙumin ruwa a tafkin Minetonka, yamma da birnin Miniyapolis a jihar Minesota ta Amurka. Ga wanda bai san wasan ba, jirgi ne ake cika wa tankunansa da ruwa domin ya yi nauyi, ya riƙa tafiyar kilomita 16 zuwa 19 a awa, sai ya tayar da raƙumin ruwa a bayansa. Mai wasa yakan tashi a kan allo yana riƙe da igiya, idan ya daidaita sai ya sake ta, raƙumin ya ci gaba da tura shi.

Kusan duk wanda ya kira ni watan Yuli yake nema, kuma ranar Asabar da rana tsaka. Nakan ba shi, tunda sana'a ce, amma nakan gaya masa gaskiya cewa ya zaɓi mafi munin lokaci. A makon bikin 4 ga Yuli, ranar 'yancin kan Amurka, jirage kan cika tafkin, kowane yana barin nasa raƙumin, ruwa ya hargitse ta yadda ɗan koyo zai sha faɗuwa har ya ɗauka laifinsa ne.

Farkon kakar ma yaudara gare shi. Ƙanƙarar tafkin takan narke wajen tsakiyar Afrilu, rana ta fito a Mayu, amma ruwan na nan da sanyin da ke ƙame yatsu, dole sai da rigar roba mai kauri. Yuni kuwa watan ruwan sama ne. A 2014 tafkin ya cika har hukumar da ke kula da shi ta hana tayar da raƙumi, masu jirage suka zauna a gida.

Lokacin da nake alfahari da shi yana farawa ne bayan Ranar Ma'aikata, wato Litinin ta farko a Satumba, sa'ad da yara suka koma makaranta. Ruwa ya fi iska jinkirin hucewa, saboda haka ɗumin Agusta yana nan a cikinsa har mako biyu ko uku, jirage kuma sun ragu ƙwarai. Da ƙarfe bakwai na safe, kafin iska ta taso, tafkin yakan kwanta luf kamar madubi. A irin wannan safiyar ne dattijon makanikin da ya koya mini aiki ya sa ni a bayan sitiyari karo na farko. Sai da na yi kaka guda ina cikawa da zubar da tankuna kafin ya yarda na ja mutum, domin a wurinsa wanda bai iya rarraba nauyin jirgi ba bai isa ya riƙe ran wani ba. Daga gare shi na koyi cewa nauyi a baya yana ba da raƙumi mai tsayi amma gajere, wanda aka ƙara a gaba kuma yana miƙar da shi, kuma a wuri marar zurfi raƙumi ba ya tsayuwa komai kyan jirgi.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne masu kwaikwayo da ke karya farashi. Wasu da jirgi mai inji a rataye a baya suke jan mutane, farfela a fili, alhali mai wasa 'yan taku kaɗan ne tsakaninsa da jirgin. Jirgina ƙirar kamfanin Nautique ne, farfelarsa a ƙarƙashin ciki take. Su ne kuma ke bin gaɓa suna cinye bakin filayen mutane, duk da dokar tafkin da ta hana gudu da jirgi a cikin nisan ƙafa 300 daga gaɓa, sannan a haɗa mu duka a zage mu. Sai mutum ya zo yana taya ni da farashinsu.

Bana na ware safiyoyin Talata zuwa Alhamis na makonni uku na farkon Satumba domin sababbin masu koyo, mutum huɗu kacal a kowace fita, kuma rigar roba daga gare ni ce.