Hanyar Jiragen Ruwa da ta Bushe a Great Falls

Tun daga wurin ajiye motoci muke jin rurin ruwan. Ranar Asabar ce, ni da mai masaukina muka baro Washington, tafiyar mil 15 zuwa Great Falls, a gaɓar kogin Potomac ta ɓangaren Virginia. Layin shiga ya ci mana kusan rabin awa, mu muka makara.

Ruwan kam ya isa kallo. Yana dirowa tsakanin baƙaƙen duwatsu, fari fat kamar an kaɗa kindirmo, sannan ya matse kansa cikin kwazazzabon Mather. An kafa wani dogon gungume da alamun inda ambaliya ta taɓa kaiwa. Sai da na dafe hulata kafin na hango alamar 1936 can sama.

Abokina ya ce mu juya, ai mun ga abin da ya kawo mu. Na ce a'a, mu bi busasshen ramin nan da ya kewaye duwatsun. George Washington ne ya jagoranci kamfanin Patowmack da aka kafa a 1785, tun bai zama shugaban Amurka ba, don a samar wa jiragen kaya hanyar kauce wa wannan faɗuwar ruwa. Shekara 17 ana haƙa, sai 1802 aka buɗe. Matakala biyar aka gina masu ƙofofin katako: jirgi ya shiga, a rufe, a rage ruwa, ya sauka zuwa ta gaba, har ya sauko sama da ƙafa 70. Garin alkama da taba suke kaiwa Georgetown, wadda yau unguwa ce a Washington. Da yawa idan sun isa sai a farfasa jirgin a sayar da katakon, matuƙan su koma gida a ƙasa, don hawa kogin ya fi ƙarfinsu.

A ƙarshen hanyar an tsaga dutse gida biyu da albarushi. Har yau ga sawun ƙarfen huji a jikinsa, na sa yatsana a ɗaya, sanyi ƙalau. Cikin masu wannan aiki akwai bayi da ake ɗaukowa haya, iyayen gijinsu ke karɓar kuɗin. Na daɗe a wurin fiye da yadda na daɗe gaban ruwan.

Kamfanin bai ci riba ba. Da rani ruwa ya yi ƙasa, wani lokacin kuma ya yi yawa, a 1828 aka miƙa komai ga kamfanin hanyar ruwa na Chesapeake da Ohio. Matildaville, garin da aka kafa saboda hanyar, ya zama kufai. A gefen wani guntun bangonsa muka zauna muka ci ƙosan da muka taho da shi, ya riga ya huce.