Yadda na rasa Kano a hannun wata tsohuwa

Tun muna koyon gyaran rediyo da amfilifaya a wajen oga ɗaya a Sabon Gari wannan abokin nawa yake min mita, wai sau nawa yazo gidanmu cin naman sallah amma ni ko sau ɗaya ban taɓa taka garinsu ba. Bahaushe ne gaba da baya ɗan ƙasar Kano, kirista ne, kakanninsa maguzawa, kuma har yau in na faɗa wa wasu a unguwa haka sai su tsaya suna kallona suce kai dai baka tambayeshi da kyau bane ƙila ɗan kudancin Kaduna ne. Toh bana dai Allah yayi, washegarin Kirsimeti ya kirani yace cocinsu zasuyi gasar kacici-kacici ran Asabar da daddare, amfilifayarsu ta ƙone, dan Allah inzo musu da tawa in haɗa, kuɗin mota a wuyansa. Nace kacici-kacici kuma? a coci? Yace kai dai kazo.

Asabar da hantsi na tsaya 'Yan Lemo a Na'ibawa na sayi lemo da kankana biyu na tsaraba, dan ba'a zuwa wajen iyaye hannu na dukan cinya, sannan na tari motar Zariya. Rigimar farko da kwandasta akayi ta, wai amfilifaya da lasifika kuɗin mutum ɗaya zasu biya, nace to ai sai ka basu kujera su zauna, aka ja aka ja dai muka daidaita ya cusa su a but ya ɗora buhun wani a kai, raina duk yana wajen. Hazo ya sauko sosai ranar, sanyi kuwa har cikin ƙashi, gilashin gefena kuma baya rufuwa.

Wanda ya saba bin hanyar Zariya ya san yadda take, kana wuce Kura sai ido ya huta, ko'ina ƙasa ta bushe tayi fari amma nan kore shar saboda ruwan da ake korowa daga dam ɗin Tiga, aikin da akayi tun zamanin Audu Bako a shekarun 1970 har yau shi ake ci. A Kwanar Gafan kwandunan tumatir an fara jera su bakin titi, manyan motoci na jiran lodi zuwa kudu. Wani dattijo kusa dani tun daga nan ya kama lissafin kuɗin taki bai saki ba har Ciromawa, ni dai "haka ne baba" kawai nake cewa. Na sauka Kwanar Ɗangora, inda hanyar Tudun Wada da dajin Falgore ta balle tayi Jos, nan abokina yake jirana da 'yan acaɓa biyu.

Daga nan ne tafiyar ta zama tafiya. Mun ɗan bi kwalta kaɗan sai muka saki muka faɗa burji, daga burji muka koma 'yar hanyar ƙafa da ta ratsa gonaki, an gama girbi duk an ɗaure karan dawa an jingine, hanyar tayi nan tayi can kaman bata san inda zata ba, ka hango rumbuna kace an iso sai ta kauce ta barsu a baya. A wani busasshen rafi yashi ya kama tayar babur ɗin da nake kai muka tafi luuu muka kwanta, ni da ɗan acaɓa da lasifika da kankana ɗaya da ta fashe nan take. Ba wanda yaji ciwo, bakin lasifikar ne ya ɗan lotsa. Ɗan acaɓan ko sannu bai ce min ba, kankanar ya tsaya yiwa ta'aziyya, ƙarshe dai a nan muka zauna mu huɗu muka shanye ta da yashi-yashinta.

Gidansu abokina ba abinda ya raba shi da gidan kakata, zaure, rumbu uku, turmi a kife, tattabaru, akuya ɗaure a turke. Mahaifiyarsa ta fito tana "maraba lale da ɗana, yau dai an ga dama", na durƙusa na gaisheta nace Iya mun sameku lafiya, ya sanyi, ta kawo fura a ƙwarya da ludayi. Abinda ya tsaya min a rai shine kafin ma in buɗe baki ince lokacin la'asar yayi har ta sa yaro ya kawo buta da sabuwar tabarma, ta nuna min gabas da hannu tace nan maƙwabtanmu suke kallo. Zakaran da aka dafa min ma maƙwabcin nasu musulmi aka kira ya yanka tun safe, wai dan kar in ci da ɗar-ɗar.

Kafin magariba mukaje haɗa kaya. Cocin ɗan ƙarami ne, ginin bulo rufin kwano, bencina na katako a gaba na ƙasa a baya, ECWA ce. Ina ta fama da waya Baba Pasto yana tsaye kaina yana bani labari, yace turawan mishan na SIM ne suka fara shigowa ƙauyukan maguzawa da magani da karatun boko, daga baya a 1954 aka kafa ECWA 'yan ƙasa suka karɓi ragama. Wani tsoho da ke zaune bakin ƙofa ya zaro Littafi Mai Tsarki daga cikin leda, bangon duk ya cinye an ɗinke shi da zare, yace min yaro tun 1932 aka fitar da wannan littafi cikakke da Hausa, ya girme ni ya girmi ubanka, mu da Hausa muke addu'a da Hausa muke waƙa. Naji kunya kaɗan dan a hanya har ina tunanin ko da turanci za'ayi gasar in kasa gane komai.

Ba'a fara ba sai bayan an ci tuwon dare, kuma a waje akayi, filin gaban coci, aka hura wuta da kara saboda sanyi. Na tambayi abokina me yasa ba'ayi da rana ba mutane su huta, yace haba kai ma ka sani, nan take na tuno kakata da take cewa mai tatsuniya da rana ɓata yake. Rukuni uku aka kasa, zumuntar mata da anko ɗinsu na zani iri ɗaya, dattawa maza, sai matasa, ni aka jefa ni cikin matasa wai ai baƙo baya zama ɗan kallo. Maki kuwa da ƙwayar masara ake ƙirgawa, kowane rukuni da kwanonsa a gaban alƙali, ka ci a jefa maka ɗaya kaji ƙwal. Kyauta bokitin roba ne da sabulai da turmin atamfa ɗaya.

Mata suka buɗe da waƙa suna buga tulu da wani ɗan faifan soso, sautin na fita dum dum kaman daga ƙarƙashin ƙasa, wallahi amfilifayata bata isa ta bada wannan ba. Sai Baba Pasto ya karanta labarin Samson a Littafin Mahukunta sura ta 14, yadda ya kashe zaki, daga baya ya dawo ya tarar da zuma a cikin gawar, ya mayar da abin kacici-kacici a wajen bikin aurensa ya ƙure Filistiyawa 30, ya basu kwana 7, da suka rasa amsa suka matsa wa amaryar ta dinga kuka har ya faɗa mata ta kai musu. Da yazo inda Samson yake ce musu da ba da karsanarsa sukayi huɗa ba da basu gane ba, filin gaba ɗaya ya fashe da dariya, manoma ne kowa yasan zafin a ɗauki saniyarka a shiga gona ba izini. Pasto yace dan haka yau ba ruwan miji da matarsa, wanda aka kama yana raɗa wa matarsa amsa za'a kwashe masara biyu a kwanonsu.

Zagayen farko daga cikin littafinsu ne, nace shikenan ni kam na zama kurma. Sai alƙali yace wanene ya mutu amma ba'a haife shi ba? Matasa suka tsaya kallon juna, ni kuwa bakina ya riga hankalina nace Annabi Adamu! Ƙwal. Aka tafa min harda guɗa. Can kuma akace wane kabari ne yayi yawo da mai rai a cikinsa kwana uku, nace kifin Annabi Yunusa, ƙwal. Wani dattijo ya miƙe yace a binciki yaron nan ko ɗan makarantar Lahadi ne ya ɓadda kama, nace a'a baba makarantar allo ce. Kaina ya fara girma gaskiya, har na gyara zaman hula.

Zagaye na biyu shine namu na gida. Wata tsohuwa ta taso daga cikin zumuntar mata, 'yar ƙarama ce ta ranƙwafa, kowa Goggo yake ce mata, na miƙa mata makirfo ta ture hannuna tace ɗauke min wannan muciyar, daidai lokacin kuma janareta ya shaƙe ya mutu, mai ya ƙare. Kayan da na sha wahalar ɗaukowa tun daga Kano ko awa ɗaya basuyi aiki ba, kuma ba wanda ya damu, aka ƙara kara a wuta kawai. Ta ɗaga murya tace ƙulun ƙulufit! Fili duka har yaran da suka fara gyangyaɗi suka amsa gauta!

Ta fara da masu sauƙi tana jefa wa yara. Shanun gidanmu dubu madaurinsu ɗaya, suka ce tsintsiya. Baba na ɗaka gemunsa na waje, wuta da hayaƙi. Iya ta zaga baba ya zaga basu haɗu ba, kunnuwa. Duk na sansu a da, amma sai an faɗi amsar nake cewa au haka ne fa, kaman mutumin da ya haɗu da ɗan ajinsu na firamare sunan ya maƙale. Matasa suka rama da nasu na zamani, wani yace ɗan autan gidanmu in bai sha wuta ba baya magana, dattawa suka yi ta zagaye har wata mata tace waya ce mana, ba ita ta hanaku noma ba. Na wanke ƙwaryata tas na kaita gabas na kaita yamma bata bushe ba, wannan dattawa ne suka cinye, harshen kare.

Sai Goggo ta juyo ta nuna ni da sandarta tace saura malamin birni mai annabawa. Rawanin baba ya faskari naɗawa.

Shiru. Nace hayaƙi, tace an wuce nan. Nace maciji, aka yi dariya. Nace bakan gizo, nace kogi, wata yarinya da bata fi shekara bakwai ba tana gefena tana ta tsalle da hannu a sama an hanata magana. Abokina ya juya min ƙeya dan mugunta. Goggo tace to ka gaza, bani gari. Ka'idar kenan tun ta kakanni, in ka kasa sai ka bada gari kafin a faɗa maka, kuma sai mai tambaya ya yarda da garin. Nace na baki Kura, tace shinkafa ta ishe ni a gida. Na baki Bebeji, tace a'a. Rano? tace can aka kai ƙanwata aure, nawa ne tuntuni. Na bata Wudil da kasuwar shanunta ta ran Juma'a tace bata da turken ɗaure su, na bata Zariya tace ka bada abinda yake naka mana, kana kyauta da kayan mutane. Jama'a suna ta ihu Kano! Kano! Na dafe kai nace shikenan Goggo na baki Kano. Ta gyara ɗaurin zani tace na karɓa, da Kurmi da Kwari da Dala da gidan sarki, har shagonka na ciki, daga yau haya kake. Sannan tace hanya ce ɗan nan, hanya, wadda ta kada kai a rafi ɗazu.

Ashe labarin faɗuwata ya riga ni isowa gari. Mata ne suka ɗauke atamfar da masara 14, mu matasa muka tashi da sabulu, dattawa aka basu bokiti suna ta ƙorafin alƙali mijin shugabar mata ne.

Da safe ina haɗa kaya ana buga ƙararrawar sujada, wani guntun ƙarfen mota ne aka rataye a bishiyar darbejiya, sai ga yarinyar nan mai tsalle da 'yar ƙwarya cike da gauta wai inji Goggo in kaiwa mutanen garinta. Abokina ya rako ni har Kwanar Ɗangora, wannan karon a rafin na sauka na taka da ƙafata. Muna isa kwandasta na ta kwaɗa kira Kano Kano mutum ɗaya, na ɗaga lasifika zan shiga abokina ya riƙo min riga yace tsaya malam, ka nemi izinin mai garin kuwa?