Takarda ba ta yin ƙwarya

Shagona na ɗab'i ne, a nan Kano. Katin biki, kalanda, rasit, kwalin turare da na sabulu, da su muke rufa wa kanmu asiri, ni da yara biyu da ke aiki tare da ni. Amma a ƙuryar shagon akwai wani tebur da ba a ɗora wa aikin kowa. A kansa nake haɗa ƙananan motoci na takarda. Da fari don sha'awa nake yi, irin sha'awar da ta sa muna yara muke feƙe kara mu yi mota mu ja ta da zare a layi. Daga baya mutane suka fara gani suna tambayar farashi, har abin ya zama wani reshe na sana'ar.

Aikin kwali ne ya kai ni. Duk wanda ya taɓa zana kwalin turare ya san cewa abu mai tsawo da faɗi da zurfi yana fitowa ne daga shimfiɗaɗɗiyar takarda, in dai an san inda za a yanka, inda za a lanƙwasa, da inda za a bar ɗan kunne na shafa gam. Na soma da zanen da kamfanin Canon ke sakawa kyauta a intanet, a buga a yanka a haɗa. Sannan na gano ashe sana'a ce mai dogon tarihi. A Jamus gidan ɗab'in Schreiber na garin Esslingen tun a ƙarni na 19 ya fara buga takardun da ake yankawa a gina. A Poland mujallar Mały Modelarz ta fara fitowa a 1957, tana buga jiragen sama da na ruwa na takarda da makamantansu. Da na san haka sai na daina jin nauyin faɗa wa mutane abin da nake yi a teburin nan.

Motar da ta fi koya min aiki ita ce Marsandi 300 SL, mai ƙofofin da ke buɗewa sama kamar tsuntsu ya ɗaga fiffike. Wani dattijo ne ya jawo ta. Tsohon makaniken Marsandi ne, ya zo buga katin auren jikarsa, ya hango teburin, ya ƙarasa ya daɗe yana kallo bai ce komai ba. Da ya dawo karɓar kati sai ya zaro wani shafin tsohuwar kalanda daga aljihun babbar rigarsa, ya warware shi a gabana. Takardar ta yi laushi don yawan ninkewa.

"Ɗana, wannan za ka iya fitar min da ita?"

"Baba, sai dai a gwada," na ce.

"Amma fa ƙofar ta buɗe. In ba ta buɗewa ba ita ba ce."

Ya gaya min shekara da shekaru yana kwance injin Marsandi yana ɗaurawa, amma wannan a hoto kaɗai ya san ta. Ba abin mamaki ba ne. Guda 1,400 kacal aka ƙera masu irin wannan ƙofa, tsakanin 1954 da 1957, kuma mafi yawansu Amurka aka kai su. Wani dillalin motoci na New York mai suna Max Hoffman ne ya matsa wa kamfanin lamba a yi ta don kasuwar can, a New York ɗin kuma aka fara nuna ta a watan Fabrairun 1954.

Kafin in taɓa almakashi sai da na zauna na karanta dalilin ƙofar, don ba na son in kwaikwayi abin da ban gane ba. Ashe ba ado ba ne. Asalinta motar tsere ce, wadda a 1952 ta ci tseren awa 24 na Le Mans a Faransa, ta kuma ci dogon tseren Carrera Panamericana a Meziko, inda ungulu ta fasa wa motar Karl Kling gilashin gaba suna tsakar gudu amma duk da haka su suka zo na ɗaya. Injiniyan kamfanin, Rudolf Uhlenhaut, ya gina mata ƙashi da siraran bututun ƙarfe da aka yi wa walda kusurwa uku-uku, don ta yi ƙarfi ba tare da nauyi ba. To wannan ƙashin ya taso sama sosai ta gefe da gefe, daidai inda ƙofar mota ta saba zama. Da za a yanka shi don a sa ƙofa irin ta kowa, ƙarfin ya tafi. Sai suka bar shi yadda yake, suka maƙala ƙofar a rufi. Shi ya sa dokin ƙofarta yake da tudu da faɗi, har sai da aka yi sitiyarin yana karyewa ƙasa don direba ya samu ya zura ƙafafunsa. Ko gilashin gefe ba a murɗa shi ya sauka, cire shi ake yi.

Wannan bayani ya canza min tsarin aikin gaba ɗaya. A baya daga waje nake gina mota, in haɗa fatar jiki kamar ɓawon ƙwai, cikinta fayau. Irin wannan ba za ta ɗauki ƙofa a rufi ba, domin da ka yanke ƙofofi biyu daga rufin abin da ya rage siririn tsiri ne a tsakiya, kamar ƙashin baya. Dole in yi abin da su ma suka yi, in fara daga ciki. Na yanka haƙarƙari daga kwali mai kauri, na tsaitsayar da su a kan faranti ɗaya na ƙasa, na ɗaure su da dogayen sanduna biyu na kwali a matsayin dokin ƙofa. Tsirin rufin kuma na ninka shi sau uku na sa siririyar waya a ciki.

Ma'aunin da na ɗauka shi ne 1:24, wato kowane santimita ɗaya a teburina santimita 24 ne a jikin motar gaske. Tsawonta mita huɗu da rabi ne da 'yan kai, saboda haka tawa ta tashi kusan santimita 19, ta zauna a tafin hannu ta ɗan leƙo.

Inda aikin yake shi ne fatar jiki. Takarda tana da hali guda da duk mai wannan sana'a sai ya yi haƙuri da shi: gefe ɗaya take lanƙwasuwa a lokaci guda. Za ka iya naɗe ta ta zama bututu, za ka iya mayar da ita mazurari irin wanda mai gyaɗa ke ƙullawa, amma ba za ta taɓa zama ƙwarya ba. Ka gwada lulluɓe lemo da takarda ka gani, sai ta tattare. Ita kuwa wannan mota duk jikinta ƙwarya ne. Kafaɗun da ke saman tayoyin gaba, rufin da ya gangaro baya, ƙugun da ya tattaru wajen but, babu inda ya miƙe sak. Mai gyaran jikin mota yana da guduma, ƙarfe kuma yana miƙewa in an buge shi. Takarda ba ta miƙewa, sai dai ta yage.

Mafita ita ce a raba kowace ƙwarya zuwa tsiri-tsiri, kamar yadda ake yanka kankana, kowane tsiri ya lanƙwasa gefe ɗaya, in an jera su ido ya ga kamar zagaye. Akwai manhajar kwamfuta ta Japan mai suna Pepakura da ke ɗaukar siffar abu ta warware ta a shimfiɗe, har da kunnuwan gam da lambobi. Ina amfani da ita, tana rage wahala ƙwarai. Sai dai ita ba ta san mota ba. Duk inda lissafi ya ba ta nan take sa yanka, ko da a tsakiyar bonet ne inda haske ke sauka. Ni kuwa abin da na koya, kuma shi nake ganin shi ne sana'ar kanta, shi ne a ɓoye mahaɗi a inda motar gaske take da layi. A nan 300 SL ta taimake ni. Tana da wasu gira guda huɗu, ɗaya a saman kowace taya. Tana da tudu biyu dogaye a kan bonet. Tana da tagar iska a bayan tayar gaba, da sanduna biyu masu ƙyalli da suka ratsa ta. Kowanne daga cikinsu wurin ɓuya ne. Na sa mahaɗin kafaɗa ya bi ta ƙarƙashin girar, na manna girar a kai, ɗinkin ya ɓace. Kwana da kwanaki na yi a gaban kwamfuta ina matsar da layuka kawai, ban buga ko shafi ɗaya ba.

Kayan aikin ba su da yawa. Wuƙar yanka mai siririn baki, ƙaramin almakashi, rula ta ƙarfe, hantsaki, tsinken sakace na ɗiban gam, da biro wanda tawadarsa ta ƙare. Da biron nake bin layin lanƙwasa in danne shi kafin in karya, don takardar ta karye inda nake so. Gam kuwa farin nan na kafintoci, ɗan kaɗan a bakin tsinke. Yaran shagon da farko cika shi suke yi, suna ganin yawansa ne ƙarfinsa, alhali ruwa ne a cikinsa, takarda ta sha ta kumbura ta yi tudu da kwari. Takardar jiki ina son mai nauyin giram 160 zuwa 180 a kowace murabba'in mita. In ta fi haka kauri sai ta yi gardama a lanƙwasa, in ta gaza sai ta lotsa da an taɓa. Kuma kowace takarda tana da hanyar da zarenta ya kwanta. Ka lanƙwasa ta nan ka ji ta bi, ka juya ta ka ji tana turjewa. In aka buga tsiri a kan kuskuren hanya, maimakon ya zagaya sumul sai ya yi ƙananan karaya. Tsirin kafaɗa nakan ɗora shi a kan cinyata in mirgina jikin biro a bayansa a hankali, sau goma, sau ashirin, har ya ɗauki siffar da kansa tun gam bai taɓa shi ba.

Launi ma ya ba ni aiki. A hoton Baba motar ruwan azurfa ce, launin da aka san motocin tseren Marsandi da shi. Firinta kuwa tawada huɗu take haɗawa, babu azurfa a cikinsu, toka-toka take fitarwa marar rai. Sai da na nemo takarda mai ƙyallin azurfa irin ta katin biki, na buga layuka da inuwa kaɗai a kanta. Gefen kowane yanki kuma fari yake fitowa bayan an yanka, in ba a bi shi da fensir mai launi ba za ka ga motar duk farin zane kamar an yi mata tsaga. Kujeru na buga musu yadi mai gida-gida, don irinsa kamfanin ya riƙa sa wa na ainihi in mai saye bai nemi fata ba.

Ta farko da na gama ta lalace, kuma laifin lissafina ne. Da hunturu na haɗa ta, iska a bushe, gam na kamawa nan da nan, ƙofofin suna tsayawa a sama cak. Na ajiye ta ina sauran gyare-gyare har ruwa ya sauka. Wata safiya ta damina na buɗe shago na tarar ƙofar hagu ta sunkuyo, rufin ya ɗan murɗe. Takarda ta sha laima. Raina ya ɓaci ƙwarai, don na riga na ce wa Baba ya kusa zuwa ɗauka. Na kira shi na gaya masa gaskiya. Ya ce, "Ba komai ɗana, aikin hannu ba a yi masa gaggawa." Na sake sabuwa daga tushe. A wannan karon maƙalin ƙofar na yi shi da ƙyallen siliki da na manna tsakanin takarda biyu, kowace ƙofa na yi mata ciki da waje da siririn kwali a tsakiya, na sa mata ɗan sandan waya da ke tokare ta in an ɗaga. Bayan an gama na fesa mata siririn fenti marar launi don ya toshe ƙofofin shan laima, na kuma yi mata akwatin roba mai haske. Tun daga ranar babu motar da ke barin shagona ba tare da akwati ba.

Maganar kuɗi ita ce mai wuya a wannan reshe. Mutum zai ɗauka ya jujjuya, ya yaba, ya ji farashi sai ya ce, "Haba, takarda ce fa." Gaskiyarsa, takardar da gam ɗin ba su kai kuɗin abincin rana ba. Abin da nake sayarwa shi ne makonnin da na yi ina neman inda zan ɓoye ɗinki, da dararen da na yi ina naɗe taya huɗu kowace da zobba a jere. Na ga in na tsaya kan haɗaɗɗiya kaɗai ba zan mayar da wahalata ba. Shi ya sa yanzu iri biyu nake yi. Akwai haɗaɗɗiya cikin akwati, sai an yi oda, masu sayenta galibi dillalan mota ne da masu gareji da ke son abin ɗorawa a tebur. Akwai kuma bugaggun shafuka cikin ambulan da takardar bayani da Hausa, mutum ya je gida ya haɗa da kansa. Wannan na sauƙaƙa ta, ƙofarta ba ta buɗewa, tsirin kafaɗa kuma na rage yawansu. Iyaye na saya wa 'ya'yansu lokacin hutu, wasu malaman makaranta ma sun karɓa don darasin zane. Zanen nawa ne tun daga layin farko, ba na sayar da wanda na sauke kyauta daga intanet, domin masu shi don amfanin kai suka bayar, ba don kasuwa ba.

Ranar da Baba ya zo ɗauka na cire akwatin na tura masa ita gabansa. Ya sa tabarau. Bai fara da ƙofar ba, sai da ya duƙa ya daidaita idonsa da tebur ya kalle ta ta gaba, inda babban tauraron yake a tsakiyar hanci. Ya ce bonet ɗin ya kwanta yadda ya kamata, ya kuma ba ni dalili: injin silinda shida ne a jere, dogo ne a tsaye, sai suka kishingiɗar da shi gefe don hancin motar ya yi ƙasa. Ya ce kafireto ma babu, injakta ce ta Bosch ke fesa mai kai tsaye cikin silinda, tun a wancan zamani. Sannan ya sa farcen ɗan yatsansa a ƙarƙashin ƙofar direba ya ɗaga a hankali. Ta hau, sandan wayar ya tokare ta, ta tsaya. Ya leƙa ciki ya ga dokin ƙofar mai faɗi da kujeru masu gida-gida.

"Sitiyarin fa, yana karyewa?"

"A'a Baba, wannan a manne yake."

Ya gyaɗa kai, ya ɗaga ɗaya ƙofar ita ma. Ya biya ba tare da ya nemi ragi ba, ya rungume akwatin a ƙirji ya fita neman adaidaita. Da yamma na buɗe zanen a kwamfuta na raba sandar sitiyarin gida biyu, na bar gurbin da siririyar waya za ta shiga tsakaninsu.