Litinin, 11 ga Disamba 2023: Kate Cox ta bar Texas

Tun ranar Alhamis babu maganar da ake yi a ɗakin hutunmu na sashen haihuwa sai ta Kate Cox, yau kuma aka yi ta ta ƙare. Bari in rubuta kafin barci ya ɗauke ni.

Na yi asuba na fita da sauran duhu, na bar maigida da shirya yara makaranta. A mota rediyo na ta maimaita cewa Kotun Ƙolin Texas shiru har yanzu, tun daren Juma'a da ta dakatar da izinin cire cikin Kate Cox da wata alƙaliya a Austin ta bayar. Ga wanda bai bi labarin ba, Kate Cox 'yar yankin Dallas ce, shekararta 31, 'ya'yanta biyu, dukansu aiki aka yi mata aka ciro su. Cikinta na uku yana wajen mako 20 aka tabbatar mata abin da take ɗauke da shi yana da larurar da likitoci ke kira trisomy 18. Galibin masu wannan larura a ciki suke rasuwa, waɗanda suka zo da rai kuma akasari ba sa daɗewa. Ita kanta sai zarya take yi sashen gaggawa, ga ciwon mara ga ɗigar ruwa. Likitocinta suka ce mata idan ta ci gaba, ko dai a tayar mata da naƙuda mahaifar da aka yanka sau biyu ta fashe, ko a yi mata aiki na uku da zai iya jawo mata matsala a haihuwar gaba. Ita kuwa tana son ƙarin 'ya'ya. Shi ne ta je kotu neman izini. Dallas ɗin nan dai ce aka fara shari'ar Roe da Wade, wadda Kotun Ƙolin Amurka ta yanke a 1973 ta halatta zubar da ciki a faɗin ƙasar, ta dawo ta rushe ta ranar 24 ga Yunin 2022 ta ce kowace jiha ta yi tata dokar.

Alƙaliya Maya Guerra Gamble ta ba ta izini ranar Alhamis. A ranar kuma antoni janar na jihar, Ken Paxton, ya aika wasiƙa zuwa asibitoci uku na nan Houston inda likitar da za ta yi aikin, Dokta Damla Karsan, ke kwantar da marasa lafiya, ya ce takardar alƙaliya ba za ta kare kowa daga tuhuma ba. Wannan wasiƙa ta fi hukuncin kowace kotu tayar wa mutanenmu hankali, don kowa ya san a wane gari yake aiki.

Da na karɓi aiki ƙarfe bakwai, cikin waɗanda aka damƙa mini har da wata baiwar Allah da aka kwantar cikin dare, faya ta fashe mata ciki bai kai ko kusa da lokacin da ɗa zai iya rayuwa a waje ba. Ba zan faɗi abin da zai sa a gane ta ba. Ba ta jin Turanci sosai, ta waya ake yi mana tafinta. Mijin yana zaune a gefe da takalmin aiki duk fenti, da alama daga wurin aiki ya wuto bai ko leƙa gida ba. Na shafa mata man a mara na ɗora na'ura, sai ga bugun zuciya ras, da sauri kamar yadda yake a wannan lokacin. Ta ji ta yi murmushi, ni kuwa gabana ya faɗi. Ruwa ya tafi, bakin mahaifa ya fara buɗewa, ƙwayoyin cuta suna da hanya. A irin wannan hali bugun nan shi ne yake ɗaure hannun likita.

Kafin Satumbar 2021 da likita zai zauna ya shimfiɗa mata hanya biyu: a jira ana ba ta magani ana sa ido, ko a kawo ƙarshen cikin tun cuta ba ta shiga jini ba, ita da mijinta su zaɓa. Daga wannan watan dokar SB 8 ta fara aiki, wadda ta hana taɓa ciki da zarar an ji bugun zuciya, ta kuma ba kowane mutum damar kai ƙarar wanda ya yi ko ya taimaka, ya karɓi aƙalla dala 10,000. A Agustan 2022 babbar ta biyo baya: ɗauri har na rai da rai, tarar da ba ta gaza dala 100,000 ba, da ƙwace lasisi. Babu togaciya ga fyaɗe. Togaciyar ɗaya ce, idan ran uwa yana cikin haɗari ko wata babbar gaɓa tata za ta lalace. Gaskiya ne bana majalisa ta ɗan sassauta, tun 1 ga Satumba akwai dokar da ta ambaci fashewar faya da wuri da ciki a wajen mahaifa. Amma kamar yadda likitarmu ta ce min yau tana tsaye gaban kwamfuta, wannan hujja ce da mutum zai kare kansa da ita bayan an riga an kai shi gaban alƙali.

Na ga yadda ta rubuta bayanin matar nan. Ta buga layi biyu ta goge, ta sake bugawa, ta karanta a hankali leɓɓanta na motsi. Ta nemi likita na biyu ya sa hannu, yana ɗakin tiyata. Ta kira sama, aka ce a jira a ji daga ɓangaren lauyoyi. Ni kuma aikina in riƙa shiga da ma'aunin zafi. A nan 100.4 ce iyaka, wato 38 a awon da muka saba da shi a gida. Da safe 98.9. Wajen sha ɗaya 99.7. Duk shigata mijin sai ya miƙe ya leƙa lambar, ya dube ni. Ban taɓa son aikin da za a ce in tsaya ina jiran mace ta yi zazzaɓi don a samu hujja ba, kuma ba don haka na yi karatun jinya ba.

Da rana a ɗakin hutu muka kwashi 'yar muhawara da wata abokiyar aikina, Baturiya, ta girme ni sosai, ba ta wasa da coci, ranar Asabar ma a wata cibiyar cocinsu take wuni tana raba wa masu ciki madara da kayan jarirai kyauta. Ba na raina ta ko kaɗan. Ta ce ita abin da ya dame ta shi ne yadda ake maganar ɗiyar da ke cikin Kate Cox kamar an riga an binne ta. Ta kawo misalin Bella, 'yar tsohon sanata Rick Santorum, da aka haifa da wannan larura a 2008, ga ta nan da ranta. Ta ce, "Ni da ke mun sha naɗe jaririn da ya yi awa ɗaya a duniya mu miƙa wa uwarsa. Wa zai ce min awar nan ba komai ba ce?" Ban iya ce mata komai a kan wannan ba, don na naɗe ɗin, na kuma ga fuskokin iyayen. Sai na tambaye ta, to ta ɗakin can fa, me muke jira? Ta ce doka ba ta hana a taimaki irinta ba, likitoci da lauyoyin asibiti ne suke ƙara wa abin gishiri saboda tsoro, wasu ma saboda siyasa. Na ce mata tsoro ai da dalilinsa, ba ni ko ita za a ɗaure ba. Muka bar ta a nan, ta turo min rabin lemonta.

Sauran mintocin hutun na fita baranda na kira Kawu a Zariya, lokacin sun idar da lisha. Bayan gaisuwa da tambayar yara na ce, "Allah ya gafarta Malam, tambaya gare ni, amma ba tawa ba ce." Ya yi dariya ya ce, "To ɗiyata, Allah ya sa." Na kwashe labarin na gaya masa. Ya ce mu Malikawa mu ne muka fi kowa tsanani, sanannen zance a mazhaba shi ne ba a fitar da abin da ya zauna a mahaifa ko kafin kwana arba'in. Hanafawa sun sassauta kafin kwana 120 idan akwai uzuri. Ya ce majalisar malaman fiƙihu ta Rabiɗa a Makka ta zauna a 1990 ta halatta a cire kafin kwana 120 idan kwamitin likitoci amintattu ya tabbatar halittar ta lalace sosai, iyaye kuma suka nema. Bayan an busa rai kuwa, wato bayan kwana 120, wannan ƙofar ta rufe, sai ɗaya ta rage, wato ran uwa, don ita ce tushe, ba a sare tushe saboda reshe.

Na yi lissafi a bayan takardar da ke aljihuna. A asibiti daga ranar farko ta hailar ƙarshe muke ƙirga ciki, malamai kuwa daga shigar cikin suke ƙirga kwana 120, don haka sai an cire mako biyu. Wannan ne ma ya sa "mako shida" da ake ta faɗa a dokokin nan yake nufin mace ta yi ɓatan wata da mako biyu kacal, da yawa ba su ma ankara ba. Kate Cox ta haura kwana 120. Na faɗa wa Kawu. Ya ce to ciwon ɗiyar ba hujja ba ne ke nan, saura haɗarin da ke kan uwar. Na ce wa zai auna haɗarin? Ya ce, "Likita mana, amintacce mai tsoron Allah. Ni da na kwana ina karanta Muhtasar ban san mahaifa ba, bare alƙali." Ya ƙara da faɗa a kan rashin kiran Inna, na ba da haƙuri.

Ni dai ga inda na tsaya, ko wani zai ji haushi. Ba na cikin masu ɗaga kwali suna cewa jikina ne, in yi yadda na ga dama. Tarbiyyata da addinina ba su ba ni wannan ba, kuma da ni ce a matsayin Kate Cox ina zaton zan riƙe cikin in ga abin da Allah zai yi. Amma dokar da za ta ce wa likita kai ne mai yanke hukunci, sannan ta aza masa ɗaurin rai da rai idan wani likitan ya zo kotu ya ce da shi ne ba zai yi ba, wannan doka matan da suke son cikinsu take fara cutarwa. Ko dokarmu ta Penal Code a Arewa, da duk tsananinta na shekara 14, ta ɗauke laifi ga wanda ya yi da kyakkyawar niyyar ceton ran uwa.

Wajen ƙarfe biyu da rabi ma'auni ya nuna 100.8, bugun zuciyarta ya haura, mara ta fara ciwo idan an taɓa. Nan da nan kowa ya samu ƙafa. Sa hannu ya samu, waya ta daina jira, aka ɗaura ruwa da magani. Zuwa lokacin tashina zazzaɓin ya fara sauka. Allah ya tsare, ba ta kai inda Amanda Zurawski ta kai bara a Austin ba, wadda ita ma faya ta fashe mata a mako 18 aka sallame ta ta jira, har cuta ta shiga jininta ta kwanta sashen kulawa ta musamman.

Muna cikin wannan ne labari ya shigo wayoyi cewa lauyoyin Kate Cox sun ce ta bar jihar, ba za ta iya ƙara jira ba. Ba su faɗi inda ta tafi ba. Hukuncin kansa a wurin ajiye motoci na karanta shi bayan na tashi. Kotu ta soke izinin. Ta ce Dokta Karsan cewa ta yi ta yi imani da zuciya ɗaya matar ta cancanci togaciya, alhali abin da doka ke nema shi ne hukuncin likita mai ma'ana a idon sana'a. Ta ce likita ba ya ma bukatar izinin kotu, shi ne zai yanke. Ta kuma ce hukumar likitocin jihar tana iya fitar da ƙarin bayani. Na tuna likitarmu tana goge layi biyu.

A gida maigida ya ɗumama miyar kuka ya tuƙa tuwon da ba zan ce komai a kansa ba. Shi ra'ayinsa daban. Ya ce hukuncin bara da ya rushe Roe da Wade daidai ne, gara mutanen kowace jiha su yanke wa kansu da a ce alƙalai tara a Washington su yanke wa kowa. Na ce to a bar mutanen su yanke mana. A Kansas, jihar 'yan Republican, an kaɗa ƙuri'a a Agustan bara, kusan kashi 59 cikin ɗari suka ƙi a cire kariyar 'yancin zubar da ciki daga kundin tsarin mulkinsu. Ohio ma watan jiya kusan kashi 57 suka sa ta a nasu. A Texas kuwa jama'a ba su da ikon tara sa hannu su kawo tambaya kan takardar zaɓe, sai abin da majalisa ta ga dama. Ya ce ai majalisar ma zaɓenta aka yi. Na ce haka ne.

Na ce masa ni abin da ya fi tsaya min shi ne wa yake iya tafiya. Louisiana, Arkansas da Oklahoma duk a rufe suke, New Mexico kaɗai ta rage cikin maƙwabta. Daga nan zuwa Wichita a Kansas tuƙin kusan awa tara ne, ga kuɗin mai, ga masauki, ga wanda zai riƙe yara, ga aikin da ba a biya idan ba ka zo ba. Kate Cox tana da lauyoyi da halin tafiya. Mai fentin nan da matarsa ina za su? Kuma a jihar da ta fi kowace yawan marasa inshorar lafiya a Amurka, wadda sai bana ta yarda a tsawaita wa mai jego Medicaid, inshorar gwamnati ta marasa ƙarfi, daga wata biyu zuwa shekara, shi ma bai fara aiki ba tukuna.

Ya yi shiru, can ya tambaye ni shari'ar Zurawski da sauran matan da suka kai jihar ƙara a kan wannan doka fa, ina aka kwana. Na ce an saurare su ranar 28 ga Nuwamba, ana jiran hukunci. Ya ce a wace kotu? Na ce wannan dai ta yau.